Wace Irin Na'ura Ce Ta Dace Da Tsofaffinmu?

Gaisuwa ga makiyayanmu da ke bin dabbobi a dajin Dali da Mazmum, da waɗanda suka gangara har Rank. Gaisuwa ga 'yan kasuwar Galabat da Matama, da na Kurmuk da Joda, da masuntanmu na bakin kogi tun daga Rusairis har Sinnar. Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare hanya.

Yau maganarmu a kan tsofaffi ce, iyaye da kakanni da muka bari a gida, da kuma yadda muryarsu za ta riƙa isowa gare mu, tamu ta riƙa isa gare su. A ƙasashen Turai akwai masu sana'ar ƙera ƙananan na'urori musamman don wannan aiki. Za mu duba abin da suka ƙera, mu ga wanne zai yi aiki a Mai-Wurno ko Wad al-Abbas, wanne ba zai yi ba, sannan mu ga abin da kai mai saurare za ka iya haɗa wa mahaifiyarka da kayan da ke kasuwa yau.

Mu fara da cewa rabuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai-Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai-Wurno a bakin kogi, kudu da Sinnar, wajen 1906. Kafin su da bayansu kuma ga mahajjata masu tafiyar ƙasa, da suka biyo ta Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid, wasu suka tsaya noman auduga a Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. A wancan zamani saƙo sai a bakin mai komawa, ko 'yar takarda da ajami. Uwa a Katsina takan yi shekaru kafin ta ji cewa ɗanta ya yi aure a Sinja.

Daga baya sai ga kaset. Waɗanda suka manyanta za su tuna yadda 'yan'uwa da ke aiki a Jidda da Makka suke cika kaset da gaisuwa, su ba wa mai dawowa. A tara gida a tsakar gida, a kunna rikoda, kowa ya ji sunansa. Sai a juya kaset, tsohuwa ta yi tata magana, a mayar. Ku riƙe wannan kaset ɗin a zuciya, domin duk abin da za mu faɗa yau daga gare shi ya samo tushe. Tsohuwa ba ta buƙaci karatu ba, ba ta buƙaci lambar sirri ba, kuma tana iya sake saurare sau goma.

To, yau rabuwar ta dawo da ƙarfi. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yuli da Oktoba 2022 ya tarwatsa gidajen Hausawa da yawa, wasu suka yi Sinnar, wasu Rabak da Kosti. Sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu. Ya iso Wad Madani a Disamba 2023, ya iso Sinja a ƙarshen Yuni 2024. Kun san waɗanda suka iya gudu: matasa da mata masu goyo. Wanda ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, ko wanda ya ce shi ba ya barin ɗakin da ya binne matarsa daga cikinsa, shi aka bari. Sannan a farkon Fabrairu 2024 shabaka, wato sabis, ta ɗauke gaba ɗaya. Zain, MTN, Sudani, duk suka yi shiru, a wasu yankunan Jazira har watanni. Mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink. Saurayi yana iya hawa karo ya je can ya zauna a layi. Tsoho mai shekara 80 fa?

Wani zai ce ai magana ta ƙare, a saya wa tsohuwa babbar waya mai shafawa. Da yawa sun saya, wayar tana nan cikin kwalla an naɗe ta da tsumma. Laifin ba na tsohuwa ba ne. Gilashin irin wannan waya yana jin taɓawa ne ta hanyar ɗan lantarkin da ke jikin fata, kuma busasshen yatsa mai kanta, irin na wanda ya yi shekara 50 yana riƙe da fartanya ko yana tatsar nono, sau da yawa gilashin ba ya jinsa. Ga yanar ido. Ga rawar hannu, wadda take sa taɓawa ɗaya ta zama biyu. Ga kunne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutanen da suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin 100 suna da raunin ji mai hana su mu'amala sosai. Ga rubutu kuma: wayar tana magana da Turanci ko Larabcin littafi, alhali shi Baba abin da idonsa ya saba da shi rubutun allo ne. Ƙari a kan haka, akwai tsoro. Tsoho yana jin in ya danna ba daidai ba zai cinye rasidi, ko ya goge wani abu, yara su yi masa dariya. Dattijo kuwa ya gwammace ya haƙura da magana da a yi masa dariya.

Bari mu leƙa waje mu ga abin da wasu suka yi.

A ƙasar Norwe wani kamfani mai suna No Isolation ya ƙera wata na'ura, Komp. Kamarta kamar ƙaramar talabijin, kuma maɓallinta ɗaya tak, na murɗawa, irin na tsohuwar rediyo. Tsoho ya murɗa, ta kunna. 'Ya'ya da jikoki su ne ke tura hotuna da saƙo daga wayoyinsu, su kira ta bidiyo, kiran kuma ya ɗauki kansa bayan 'yan daƙiƙu. Hikimar da ke ciki ita ce an kwashe duk wahalar an ɗora wa matasa, an bar wa tsoho abu guda.

A Ingila wata mai zane, Alexandra Deschamps-Sonsino, ta fito da fitilar da ta kira Good Night Lamp. Babbar fitila ɗaya da ƙanana, duk da siffar gida. Babbar tana wurin tsohuwa, ƙananan suna wurin 'ya'yanta a ko'ina cikin duniya. In ta kunna tata, nasu su kama. Babu magana, babu rubutu. Ma'anar kawai: na tashi lafiya, ina gida.

Na uku ya fi kusa da mu. A arewacin Gana wata ƙungiya da aka kafa a 2007 da sunan Literacy Bridge, wadda yanzu ake kira Amplio, ta raba wa manoma wani ɗan akwati mai magana, Talking Book. Batir yake ci, ba ya neman intanet, madannansa alamu ne maimakon haruffa, yana magana da harshen garin, kuma mai shi yana iya naɗar muryarsa a ciki, ma'aikata su zo su kwashe. Su kuma makiyaya, a Mali tun 2017 akwai tsarin Garbal, na ƙungiyar SNV da kamfanin Orange, inda makiyayi ke kira da ƙaramar waya, mutum ya amsa masa da harshensa, ya gaya masa inda ciyawa da ruwa suke bisa hoton tauraron ɗan'adam, da farashin dabbobi a kasuwa.

To, a ce an sauke waɗannan a tashar Sinnar. Wanne zai rayu?

Komp tana son wutar da ba ta ɗaukewa da intanet mai ƙarfi, mu kuwa kun san halin da muke ciki. Ƙari kuma, a ƙarshen Yuli 2025 hukumar sadarwa ta Sudan ta taƙaita kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp, aka bar saƙon rubutu da na murya. Amma ko da a ce komai yana aiki, akwai matsalar da ta fi wuta girma. Na'urar da ke buɗe ido a cikin ɗaki ba tare da an ba ta izini ba, ta keta sallama. A gidan Bahaushe baƙo yakan tsaya a zaure. Suruki ba ya faɗa wa surukarsa ɗaki. A ce Inna tana zaune ba mayafi, sai ga fuskar mijin 'yarta a bango? Rana ɗaya za a yi haka, washegari a kife na'urar a ƙarƙashin gado. Saboda haka duk wanda zai ƙera mana abu, ya sani cewa dole saƙo ya yi sallama, ya jira a amsa.

Fitilar Ingila kuwa, ai muna da ita tun tuni, sunanta filashin. Ƙara ɗaya bayan asuba, a kashe: mun kwana lafiya. Ba ya cin ko jine ɗaya. Abin da ya rage shi ne a mai da shi abin da tsohuwa za ta iya da hannunta.

Akwatin Gana shi ne ya fi kama da mu, domin ya gane abu biyu: murya ta fi rubutu, kuma shabaka ba kullum take nan ba. Kuma in kun lura, akwai ɗan'uwansa a kusan kowane gida a nan. Ina nufin 'yar rediyon nan mai cin memori, wadda tsofaffi ke jin karatun Alƙur'ani da tafsiri da ita. Babu wanda ya koya wa Baba ita, ya iya da kansa, domin madannanta suna da tudu, yatsa yana jinsu, in ka danna su yi ƙara, kuma kowanne aikinsa ɗaya.

Yanzu ga shawarata ga ɗalibanmu na injiniya a Jami'ar Sinnar da Jami'ar Jazira, da masu gyaran waya na kasuwar Sinja da Damazin, waɗanda hannunsu ya san kwano da dalma. In za ku haɗa akwatin saƙo na tsofaffi, ku fara da zama a gabansu, ku ga yadda suke riƙe abu, kafin ku taɓa waya ko ɗaya.

Akwatin ya zama mai manyan madannai, huɗu ko biyar, kowanne na mutum ɗaya. Kada a rubuta suna kawai. A sa hoto, ko launi, ko wata alama da yatsa zai gane a cikin duhu: wannan mai igiya na ɗan da ke bin shanu, wannan mai wuri na 'yar da ke Gadarif. Ku tuna akwai iyayen da har yau ba sa kiran sunan ɗan fari saboda kunya. Akwatin da zai ce wa Inna ta faɗi sunan wanda take nema, ya sa ta a tsaka mai wuya. Alama ta raba gardama.

Aikinsa ya zama irin na kaset. Ta danna ta riƙe, ta yi magana, ta saki. Saƙon ya kwanta a ciki, ya jira. Duk lokacin da shabaka ta leƙo, ko da tsakar dare ne, ko da na minti biyu, ya tafi da kansa. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, raunanniyar shabaka ma tana iya ɗaukarsa, alhali bidiyo na minti ɗaya ya ninka shi sau da yawa. In saƙo ya iso, ƙaramar fitila ta kama a kan madannin mai shi, ta zauna a kunne har sai an saurara. Kada ta yi ta kuka kamar waya. Wataƙila tana salla, wataƙila tana da baƙi. Kuma kada saƙo ya goge bayan an ji. Tsohuwa za ta so ta sake jin muryar jikanta da daddare.

In shabaka ta yi kwana da kwanaki ba ta zo ba, akwatin ya iya miƙa saƙonninsa ta Bluetooth ko ta memori ga wayar wani amintacce mai zuwa gari, direban lori ko mai kai nono kasuwa, shi kuma in ya shiga inda akwai sabis su wuce. Kun ga mun koma ga mahajjaci mai komawa gida, sai dai yanzu kwana ɗaya ne maimakon shekara. Amma a kulle saƙon yadda ɗan aike ba zai iya saurare ba.

Wuta daga sola, ƙaramin faranti a kan rufi da doguwar igiya, domin akwatin ya zauna a inuwa. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, kuma zafi shi ne ajalin batir. Batirin ya zama irin wanda ake samu a kasuwa, mai fita da hannu. Lasifika ta zama mai ƙarfi, ramukan caji su sami murfi saboda habub. Abin da ba a iya gyara shi a Sinnar, kada a kawo shi Sinnar.

Sai babbar magana, wadda ta shafe ku makiyaya da 'yan kasuwar iyaka. Da yawa daga na'urorin tsofaffi na Turai suna nuna inda mutum yake a taswira, don 'ya'ya su san inda mahaifinsu ya nufa. A ƙasar da ake yaƙi, wannan haɗari ne. Abin da ke nuna inda garke yake, yana nuna wa ɓarawon shanu ma. Kuma kowa ya san yadda ake binciken waya a shingayen hanya. Don haka akwatin tsohuwa kada ya san inda kowa yake, kada ya riƙe kuɗi, kada a haɗa shi da Bankak. Gaisuwa kawai. Mu ma masu aikawa, mu kiyaye bakinmu: kada ka faɗi yawan dabbobi, ko ranar da za ka taso da kaya, ko hanyar da za ka bi.

Wannan akwati dai ba a sayar da shi a kasuwa tukuna. To kafin a ƙera, me za ka yi a wannan mako?

Ka nemi ƙaramar waya mai madannai, mai ƙarar gaske. Ka shiga wurin kiran gaggawa, inda ake ɗaura lamba a kan madanni ɗaya, daga 2 zuwa 9. Ka ɗaura mutum uku ko huɗu, kada ka wuce haka. Ka ɗiga jan farce ko fenti mai launi dabam-dabam a kan madannan, har ya yi tudu. Ka nuna mata: danna ja ki riƙe, wayata za ta yi ƙara, ki kashe, ni zan kira. Rasidinta ba zai taɓu ba, tsoronta ya tafi.

Ka ajiye kowace lamba da lambar ƙasarta a gaba: Sudan 249, Sudan ta Kudu 211, Habasha 251, Chadi 235, Najeriya 234, Nijar 227, Saudiyya 966. Kai da kake sauya shariha, wato layi, in ka tsallaka Joda ko Matama, ka ba da madanni biyu, ɗaya na layin gida, ɗaya na layin ƙetare. Da yawa daga tsofaffin da ke kukan an manta da su, tsohon layi suke ta kira.

Ku tsayar da lokaci, kuma ku ɗaura shi a kan salla, domin shi ne agogon da tsoho ba ya kuskurewa. Juma'a bayan la'asar, misali. Ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu: in Juma'a biyu ta wuce ba a ji ni ba, kada hankali ya tashi, daji ne babu shabaka, in ta kai uku, a tambayi wane. Rashin wannan yarjejeniya ya sa tsofaffi da yawa kwana ba barci a kan ɗan da yake lafiya lau.

Ka sayi memori biyu. Ka naɗi gaisuwarka da ta yara a ɗaya, ka ba mai zuwa gida, a sa mata a rediyonta. Jika ko maƙwabci ya naɗi amsarta a ɗayan. Kuma a nan ina roƙonku, ku bar ta ta yi magana son ranta. In ta gama gaisuwa, ku tambaye ta asalin gidanku, daga wane gari kakanni suka taso, ta wace hanya suka biyo, wa ya haifi wa. Yaranmu da ke tasowa a Bur Sudan da Alƙahira, Hausarsu tana raguwa kullum. Wannan memori wata rana ya fi saniya daraja.

A gida kuma a sami mutum ɗaya tsayayye mai kula da caji da shariha. A zaɓe shi da yardar tsohuwar, domin duk wanda ke riƙe da wayarta yana riƙe da sirrinta. Akwai maganar da uwa za ta gaya wa 'yarta wadda ba ta son matar ɗanta ta ji. In an danna mata kira, a ba ta wuri.

Sannan ku yi musu kashedi a kan 'yan damfara. Duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobi 6 da suka shigo waya, ɓarawo ne, WhatsApp ɗin yake son sacewa. Duk wanda ya ce ɗanki yana hannunmu ko yana asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu, kada a tura sai an nemi wani ɗan'uwa. Yanzu har akwai manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon muryar mutum. Maganin wannan tsohon magani ne: ku ajiye wata tambaya ta cikin gida wadda bare ba zai san amsarta ba, kamar sunan saniyar da aka ba ka ranar suna.

Wanda kuma ya rasa inda nasa suke gaba ɗaya, babu lamba babu labari, ya je ofishin Hilal Ahmar mafi kusa, ko Red Cross in yana ƙetare. Suna da aikin haɗa iyalan da yaƙi ya raba, suna karɓar saƙo a rubuce, a sansanoni da dama kuma suna ba da kiran waya, duk kyauta.

Jama'a, Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Gaskiya ne, kuma babu akwatin da zai maye gurbin ka durƙusa a gaban mahaifiyarka. Amma yau ƙafa ta yi nisa, hanya kuma ba kullum take buɗe ba. Kafin Allah Ya buɗe ta, kada mu bar su cikin shiru.

Masu gyaran waya da ɗalibai, in akwai wanda ya gwada haɗa wani abu irin wannan, ya aiko mana mu ji, za mu ba shi fili. Ku kuma masu saurare, ku turo saƙon murya ku gaya mana dabarar da kuke yi da naku tsofaffin, musamman ku da ke daji. Za mu sa wasu a shiri na gaba, ba tare da faɗin suna ko wuri ba.

Allah Ya ja kwanan iyayenmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.